Yadda ake rufe ma'ajiyar NAS ta gida daga intanet ba tare da an rasa amfaninta ba

A gidajen Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina, da ƙananan ofisoshin masu hidimar alhazai da masu aika kaya gida, ba baƙon abu ba ne yanzu a ga wani ɗan akwati a gefen rauta yana ƙyafta fitila dare da rana. Shi ne NAS, ma'ajiyar bayanai da ake jonawa da sadarwar gida. Faifai biyu ko huɗu ne a cikinsa, da ƙaramar kwamfuta mai tafiyar da su. Synology da QNAP ne aka fi sani, sai Asustor da TerraMaster da tsofaffin na Western Digital. Abin da ake zubawa a ciki kuwa ba na wasa ba ne: hoton iƙama, wato katin izinin zama, da fasfo na iyali gaba ɗaya, takardun haya, hotunan suna da biki na shekaru, lissafin shago, wani lokaci har da kwafin fasfo na baƙin da aka yi wa hidimar Umara.

Matsayarmu a nan ɗaya ce. Bai kamata wani daga waje ya iya taɓa akwatin nan kai tsaye ba, ko ta ƙofa guda. Wanda yake son duba fayilolinsa daga Kano ko Yamai yana da hanya, za mu zo kanta, amma ba ta buɗe fuskar akwatin ga duniya ba ce.

Me ke tsare akwatin tun farko

Rautar da kamfanin sadarwa ya kafa maka, STC ne ko Mobily ko Zain ko Salam, tana da fuska biyu. Ta waje tana riƙe da adireshi ɗaya da duniya ke gani. Ta ciki tana raba wa wayoyi da kwamfutoci adireshin cikin gida, galibi masu farawa da 192.168. Matsayinta matsayin zaure ne a gidan Bahaushe: na ciki zai fita ya dawo da abin da aka aike shi, amma baƙo a zaure yake tsayawa, sai idan mai gida ya ce duk wanda ya zo da sallama iri kaza a wuce da shi ɗaki kaza. Wannan umarnin shi ne tura ƙofa, wanda a shafin rauta ake rubuta shi Port Forwarding ko Virtual Server.

Kowace hidima tana da lambar ƙofarta. Shafin gudanarwa na Synology yana kan 5000 da 5001, na QNAP yana kan 8080 da 443. Raba fayiloli irin na Windows, wato SMB, yana kan 445 da 139. SSH 22, FTP 21, rsync 873, NFS 2049, Plex 32400. Matuƙar rauta ba ta tura ɗaya daga cikinsu ciki ba, wanda ke waje bai ma san akwai akwati a gidan ba.

Mutane da yawa kan ce, "To wa ya san da ni da zai nemi akwatina?" Ai ba mutum ba ne ke nemanka. Adireshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin intanet da aka saba da shi, na duniya duka kusan biliyan 4.3 ne, kuma akwai manhajojin da ke iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkansu cikin ƙasa da awa guda. Shafuka irin su Shodan da Censys aikinsu ke nan kullum, suna jera abin da suka tarar a buɗe, kowa na iya bincikawa. Ƙofar da aka buɗe bayan Magariba, da wuya gari ya waye ba a ƙwanƙwasa ta ba.

Tarihin abin ma ya isa hujja. A watan Agusta 2014 SynoLocker ta kulle fayilolin akwatunan Synology masu tsohuwar manhaja, ta nemi kuɗin fansa. A Afrilu 2021 Qlocker ta shiga akwatunan QNAP ta wata ɓoyayyar kalmar sirri da aka bari a cikin manhajar ajiyar kwafi ta HBS 3, ta tattara fayilolin mutane cikin kunshin 7-Zip ta sa musu makulli, tana neman Bitcoin 0.01. Bayan wata biyu, a Yuni 2021, masu My Book Live na Western Digital suka wayi gari an goge musu komai daga nesa, ba ma fansa aka nema ba; rabon na'urar da sabunta manhaja tun 2015. A Janairu 2022 DeadBolt ta faɗa wa QNAP tana neman Bitcoin 0.03, a Fabrairu ta koma kan Asustor, a Satumba ta sake dawowa kan QNAP ta wata ɓaraka a manhajar hotuna ta Photo Station.

Abin lura a nan shi ne yawancin waɗannan ba cankar kalmar sirri suka yi ba. Ɓaraka suka samu a manhajar kanta, suka wuce tun kafin a kai ga tambayar suna da kalma. Saboda haka mai kalmar sirri mai harafi talatin da mai 123456 duk tafiya ɗaya aka yi da su. Abin da ya raba wanda aka ci da wanda ya tsira, galibi, shi ne ko ana iya isa ga akwatin daga waje ko ba a iyawa. Shi ya sa a Janairu 2022 kamfanin QNAP da kansa ya shawarci masu akwatunansa su kashe tura ƙofa a rauta, su kashe UPnP, wanda za mu yi bayaninsa a gaba.

Dabarar canja lambar ƙofa, a mayar da 5000 ta koma 5555 misali, tana rage hayaniyar masu gwada kalmomi, amma ba kariya ba ce. Manhajar laluben tana bin ƙofofi 65,535 ɗaya bayan ɗaya idan ta ga dama, kuma daga amsar farko take gane cewa shafin Synology ne. Haka ma taƙaita shiga ga adireshin Saudiyya kawai: yana rage yawan masu ƙwanƙwasa, sai dai mai kutse na iya hayar kwamfuta a cikin ƙasar, kai kuma ran da ka sauka Kano kai ne farkon wanda za a hana shiga.

Hanyoyin da ƙofa ke buɗewa, har da waɗanda ba ka sani ba

Ta farko ita ce wadda aka buɗe da hannu. Sau da yawa mai shagon da ya sayar da akwatin ne ko wani ɗan'uwa mai sanin kwamfuta ya yi, da kyakkyawar niyya, don Alhaji ya riƙa ganin hotuna a wayarsa. Irin wannan tana nan a rubuce a shafin rauta, gogewa kawai take buƙata.

Ta biyu ta fi ɓarna domin shiru take aiki, ita ce UPnP. Tsari ne da ke ba kowace na'ura ta cikin gida damar ce wa rauta ta buɗe mata ƙofa, rauta kuma ta buɗe ba tare da neman kalmar sirri ba. An yi shi ne don sauƙaƙa wa na'urorin wasa da makamantansu, kuma rautoci da yawa a kunne suke zuwa da shi. A QNAP wurin yana cikin myQNAPcloud, ƙarƙashin Auto Router Configuration. A Synology yana cikin Control Panel, External Access, Router Configuration. A Asustor EZ-Router ake kiransa. Mai akwati zai iya rantsuwa bai taɓa buɗe komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma danna Next da ya yi sau uku ranar kafa akwatin ya isa a buɗe ƙofa huɗu ko biyar.

Ta uku ita ce DMZ. Idan aka sa adireshin akwatin a wannan gurbi, duk ƙofofi ne aka tura masa a lokaci guda. Babu wani dalili da zai sa NAS ya zauna a can.

Ta huɗu ita ce IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, kuma a Saudiyya wajibi ne a kula da ita, domin ƙasar tana cikin waɗanda wannan tsari ya yaɗu sosai a layukan gida da na waya. A IPv6 babu batun gida guda adireshi guda. Kowace na'ura tana iya samun adireshinta na duniya, mai farawa da 2 ko 3, kamar 2001 ko 2a02. Abin da ke tare baƙo a nan shi ne katangar tsaro (Firewall) ta IPv6 da ke cikin rauta kaɗai. Rautoci da yawa suna zuwa da ita a kunne, wasu ba haka ba, wasu kuma an kashe ta garin gyaran wata matsala aka manta. Mutum zai rufe komai a IPv4 ya kwanta hankali kwance, alhali akwatin yana amsa sallama ta ɗaya hanyar. Idan adireshin da akwatin ya nuna yana farawa da fe80 ne kawai, ko fd, na cikin gida ne, babu damuwa.

Akwai ta biyar da ba ƙofa ba ce a rauta, amma hanya ce: QuickConnect na Synology, myQNAPcloud Link, EZ-Connect na Asustor. Akwatin ne ke fita ya riƙe igiya da sabar kamfanin, duk wanda ya san sunan da ka zaɓa sai a sada shi da shafin shigarka. Ya fi tura ƙofa aminci, wannan gaskiya ne, domin masu lalube ba sa ganinsa a adireshinka. Amma shafin shigar yana nan ga duk wanda ya canki sunan. A Oktoba 2024, a gasar gano ɓarakar na'urori ta Pwn2Own da aka yi a Ireland, masu bincike na kamfanin Midnight Blue sun nuna ɓaraka a Synology Photos da ba ta buƙatar kalmar sirri ko danna komai, suka kuma yi gargaɗin cewa ana iya kaiwa gare ta ta QuickConnect. Synology ya fitar da gyara cikin gaggawa. Wanda bai sabunta ba dai yana nan a buɗe.

Rufewa, mataki bayan mataki

A fara da rauta. Adireshin shafinta yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta ko bayanta, galibi 192.168.1.1, ko 192.168.100.1 a na'urorin faiba na Huawei, ko 192.168.8.1 a rautocinsu masu layin waya. Idan har yanzu kalmar sirrin da ke kan takardar ce ke buɗe shafin, a canja ta nan take. Sannan a goge duk abin da ke Port Forwarding mai nuni ga akwatin, a kashe DMZ, a kashe UPnP da NAT-PMP idan akwai, a kashe gudanar da rauta daga nesa, a tabbatar katangar IPv6 a kunne take. Bayan haka a kashe rautar a kunna, saboda ƙofofin da UPnP ya riga ya buɗe sukan zauna a wasu rautoci har sai an sake kunna su.

Gidan da ke da rauta biyu, ta kamfani da wadda aka saya don ƙarfin Wi-Fi, dole a duba duka biyun. An saba sa ta biyun a DMZ na ta farkon, wanda ba laifi ba ne a kan kansa, amma yana nufin ta biyun ce ke tsaron gidan, duk abin da ta buɗe ya buɗu ga duniya.

Kashe UPnP na iya sa na'urar wasan yara ta fara ƙorafin nau'in NAT. Maganinsa a tura wa na'urar wasan ƙofofinta da hannu, ba a mayar da UPnP ga gida duka ba.

Sai akwatin kansa. A ba shi tsayayyen adireshi, an fi so ta hanyar ware masa shi a rauta, don kada wata rana ya gaji adireshin wata na'urar da aka tura wa ƙofa. A kashe saitin UPnP nasa da aka ambata a sama. Idan ba a amfani da IPv6 a cikin gida don wani abu na musamman, a kashe shi a katin sadarwar akwatin, raba fayiloli ba ya buƙatarsa. A kashe duk hidimar da ba a amfani da ita: Telnet, SSH, FTP, WebDAV, sabar shafin yanar gizo. A cire manhajojin da aka ɗora don gwaji aka manta da su, domin Photo Station da HBS 3 sun nuna cewa ɓaraka ta fi fitowa daga irin waɗannan ƙarin manhajoji. A saitin SMB a sa mafi ƙarancin siga ya zama SMB2. SMB1 ita ce hanyar da WannaCry, manhajar kulle fayiloli don neman fansa, ta bi a Mayu 2017. Idan tsohuwar na'urar sikana ko tsohon talabijin ya daina ganin akwatin bayan haka, shi ne ya tsufa, a nema masa wata hanya.

Katangar tsaro ta akwatin ita ce layi na biyu, ranar da rauta ta yi kuskure. A Synology tana Control Panel, Security, Firewall. Ƙa'idojin daga sama zuwa ƙasa ake karanta su, wadda ta fara dacewa ita ke aiki. Ta farko: a yarda da zangon gida, wato jerin adireshin na'urorin cikin gida, misali 192.168.1.0 da abin rufe zango (Subnet mask) 255.255.255.0. Ta ƙarshe: a hana kowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya jerin, ko rubuta 192.168.1.0 alhali gidan 192.168.100.0 yake amfani da shi, mutum ya rufe kansa a waje. Idan haka ta faru, a bayan akwatin Synology akwai ɗan rami na Reset, a danna kimanin daƙiƙa 4 har a ji ƙara ɗaya a saki; saitin sadarwa da na shiga ne ke komawa na asali, fayiloli ba sa taɓuwa. Kada a sake dannawa nan take, domin danna na biyu sake ɗora manhaja yake jawowa. A QNAP daƙiƙa 3 ne ƙaramin, 10 kuma babban, wanda ke share asusun masu amfani da saitin foldoji.

Asusun da ake kira admin a kashe shi, bayan an buɗe wani mai wani suna an ba shi ikon gudanarwa. Masu gwada kalmomi, irin StealthWorker da Synology ya yi gargaɗi a kanta a Agusta 2021, da wannan sunan suke farawa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a kunna Auto Block, wanda a Synology yake toshe adireshin da ya yi kuskure sau 10 cikin minti 5 idan ba a canja ba. Asusun gudanarwa kuma ba na aikin yau da kullum ba ne. Maigida, uwargida, yara, ma'aikacin shago, kowa da asusunsa, kowa da foldar da ta shafe shi.

Duk wannan bai kammala ba sai an gwada daga waje. A kashe Wi-Fi a waya, a koma datar layi, a rubuta adireshin gidan na waje a burauza haɗe da lambar ƙofa, 5001 ko 8080. Abin da ake so shi ne shafin ya yi ta juyawa har ya gaji. Gwaji daga cikin Wi-Fi na gida yaudara ne, yana iya nuna buɗe alhali rufe yake, ko akasin haka. Daga kwamfutar gida kuma shafin ShieldsUP na kamfanin GRC yana ƙwanƙwasa ƙofofin adireshinka daga waje ya faɗi sakamako, sai dai IPv4 kawai yake dubawa, don haka adireshin IPv6 na akwatin a gwada shi daban ta waya. Adireshinka kaɗai za ka gwada. Laluben na wani ba da izininsa ba yana iya jefa mutum cikin dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007.

Akwai waɗanda za su tarar adireshin waje da rautarsu ta nuna yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko yana farawa da 10, kuma ya sha bamban da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. Wannan CGNAT ne, kamfani ya haɗa gidaje da yawa a bayan adireshi guda, abin da aka saba gani a rautocin 4G da 5G. Tura ƙofa ba ya aiki a IPv4 a irin wannan layi. Kariya ce ta katari, ba a dogara da ita: ba ta shafi IPv6 ba, ba ta shafi QuickConnect ba, kuma ranar da aka koma faiba tana iya gushewa.

To ta ina za a shiga daga nesa?

Buƙatar gaskiya ce. Mutum yana ofishin jawazat, wato hukumar fasfo da izinin zama, ana neman kwafin wata takarda, ko ya tafi hutu gida yana son lissafin shago. Hanyar da muke ganin ta dace ita ce ɓoyayyar hanya ta VPN mai kai ka cikin gidanka, inda makulli ne ke buɗewa, ba shafin shiga da kowa ke gani ba.

WireGuard shi ne zaɓin wanda ke da adireshin waje na kansa. Ƙofa ɗaya yake buƙata ta UDP, an saba da 51820, kuma halinsa shi ne ba ya amsa wa duk wanda bai zo da makullin da ya dace ba, mai lalube ba ya jin komai. An fi so a kafa shi a rauta, sababbin ASUS da MikroTik mai RouterOS 7 da GL.iNet duk suna da shi, ko a wata ƙaramar kwamfuta daban, maimakon a kan akwatin. Da yake adireshin gida yana canjawa, sai a haɗa da sunan DDNS, wato tsayayyen suna da ke bin adireshin duk lokacin da ya canja. Kowace waya da makullinta, ta yadda idan ɗaya ta ɓata a Harami, nata kaɗai za a soke. A gurbin AllowedIPs na wayar a rubuta zangon gida kawai, domin manufar ita ce isa ga akwatinka, ba bi da sauran harkokin intanet ta wata hanya ba.

Wanda ke bayan CGNAT, ko wanda ba ya son taɓa rauta, Tailscale ya fi masa sauƙi. A kan WireGuard aka gina shi, ba ya buƙatar buɗe ƙofa ko ɗaya, kuma akwai manhajarsa ta Synology da QNAP. A ɗora a akwati, a ɗora a waya, a shiga da asusu ɗaya. Abubuwa uku ke ba mutane matsala da shi. Makullin kowace na'ura yana ƙarewa bayan kwana 180 idan ba a canja saitin ba, sai a kashe ƙarewar ga akwatin tun kana kusa da shi, kada ta riske ka kana wata ƙasa. Idan katangar akwatin ta hana shi, a ƙara izini ga 100.64.0.0 da abin rufe zango 255.192.0.0 a saman ƙa'idar hana kowa. Na uku, duk tsaron ya koma kan asusun Google ko Microsoft ko Apple da ka shiga da shi, dole ya kasance da mataki biyu.

Wata matsalar ita ce karon zango. Idan gidanka na Jidda 192.168.1 yake amfani da shi, otal ɗin da ka sauka a Abuja ma haka, wayar za ta nemi akwatin a cikin otal. Mayar da zangon gida wani da ba a saba ba, kamar 192.168.57, yana kashe wannan tun daga tushe. Saurin da za ka samu kuwa saurin aikawa na layin gidan ne, ba na saukewa ba: a megabit 20 cikin daƙiƙa, fayil mai gigabait 1 zai ci kusan minti 7.

Cikin gida ma akwai baƙi

Lokacin Hajji da azumi gidajenmu cike suke da 'yan'uwa da baƙi, kowa kuma kalmar Wi-Fi yake fara tambaya. Ba zargin kowa ake yi ba, amma ba ka san abin da ke cikin wayarsa ko kwamfutarsa ba, shi ma bai sani ba. A kunna Wi-Fi na baƙi a rauta, a tabbatar an kashe zaɓin da ke ba shi damar ganin sadarwar cikin gida. Can ya kamata a tura kyamarori masu araha da akwatunan talabijin na Android marasa suna. A Yuni 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu irinsu da mugunyar manhaja suke zuwa tun daga kwali.

Kwamfutar maigida ita ce babbar hanya. Idan an jona foldar akwatin a Windows ta zama kamar faifai Z, manhajar neman fansa da ta kama kwamfutar za ta kulle abin da ke Z kamar yadda ta kulle na C, kuma babu katangar da za ta hana, domin da izininka take aiki. Maganin wannan shi ne Snapshot, wato hoton yanayin fayiloli da akwatin ke ɗauka ya ajiye inda kwamfutar ba ta iya rubutu. A Synology yana buƙatar faifan da aka tsara da tsarin ajiyar fayiloli na Btrfs da manhajar Snapshot Replication. Sau ɗaya a rana, a riƙe na kwana 30, ya ishi yawancin gidaje. Daga siga ta 7.2 ta DSM, manhajar da ke tafiyar da akwatin Synology, akwai wanda ko mai gudanarwa ba ya iya gogewa sai wa'adinsa ya cika, a samfuran da ke da shi. A kunna shi, ko na kwana 14 ne.

RAID kuwa, wato tsarin da akwatin ke rubuta bayanai a faifai fiye da ɗaya, daga mutuwar faifai kawai yake karewa. Abin da aka goge ko aka kulle, a faifan biyu lokaci guda yake faruwa. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi 3, a kan na'ura iri 2, 1 a wajen gidan. Faifan USB da ake jonawa a kwafa a cire a sa a durowa ya fi wanda ke jone kullum, na wajen gida kuma yana iya zama a gidan ɗan'uwa a wani gari, a kulle da kalmar sirri da aka rubuta a takarda aka adana. Masu riƙe da kwafin fasfo na alhazai su sani nauyin ya wuce na asara: dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, wadda hukumar SDAIA ke kula da ita, ta fara aiki a Satumba 2023, wa'adin daidaitawa kuma ya cika a Satumba 2024.

Wasu kan tambaya ko a yanke wa akwatin fita intanet gaba ɗaya. Ana iyawa, ta hanyar toshe shi a rauta, ko barin gurbin Gateway babu komai tare da kashe IPv6, domin idan aka bar IPv6 zai samo hanyarsa da kansa. Amma akwai farashi. Sabunta manhaja ya koma da hannu, a sauke fayil a ɗora. Saƙon gargaɗin cewa faifai ya fara lalacewa ba zai iso ba. Agogon akwatin zai riƙa zamewa, lambobin mataki biyu kuma duk daƙiƙa 30 suke canjawa, da zarar agogo ya kauce sai su daina karɓuwa. Tailscale ma ba zai yi aiki ba. A ganinmu akwatin da kamfaninsa ke ci gaba da fitar masa da gyara a bar shi ya fita, a kunna sabuntawa ta kai tsaye. Wanda aka daina kula da shi, kamar My Book Live ko D-Link DNS-320L da aka bayyana ɓarakarsa a 2024 kamfanin ya ce ba zai gyara ba, shi ne za a yanke wa fita, a kuma fara tanadin madadinsa.

Idan aka riga aka makara, aka ga sunayen fayiloli sun canja ko shafin neman fansa ya bayyana, a zare wayar intanet daga rauta, a ɗauki hoton shafin da duk lambobin da ke kansa kafin a sabunta ko a sake kunna komai, kada kuma a yi wa faifan Format. Lokacin DeadBolt sabuntawa ta share wa wasu shafin da ake shigar da makulli, ta ƙara musu wahala. A duba shafin No More Ransom, wanda Europol da 'yan sandan Holand suka kafa da wasu kamfanonin tsaro a 2016. A Oktoba 2022 'yan sandan Holand sun yi dabarar karɓo makullan DeadBolt 155 ba tare da kuɗin sun tafi ba. Ƙorafi a Saudiyya ana shigar da shi ta manhajar Kulluna Amn. Kafin a dawo da kwafi, a nemo ƙofar da aka shigo ta ita a rufe, a canja duk kalmomin sirri.

Gwajin nan na waya da datar layi ba na rana ɗaya ba ne. Duk lokacin da ma'aikacin kamfani ya zo ya canja rauta ko ya danna mata Reset, ko aka sauya layi, ko aka tashi zuwa sabon gida, saitin rauta ya koma na asali, UPnP kuma yana iya dawowa a kunne. A sake shiga shafin a duba wurare biyar ɗin nan, Port Forwarding da DMZ da UPnP da gudanarwa daga nesa da katangar IPv6, sannan a fita da waya a gwada 5001 da 8080 da 445.